Kasuwar manoma ko babban kanti: wai a ina ya kamata ka sayi kayan marmari da na lambu?

Ni da ƙanwata mun fi sati muna musu a kan tumatir, tumatir kawai fa. Ita ta tsaya a kan cewa na babban kanti ya fi, ga tsafta ga kyan gani, duk girmansu ɗaya kamar an ƙera su a inji, kuma ko yaushe ka je akwai. Ni kuma na kafe cewa in ba daga hannun manomi ka saya ba a lokacin da abun yake yayi toh ruwa kawai ka saya da kuɗinka. Da abun ya ishe mu sai muka sayo na nan da na can muka yanka muka ɗanɗana, a tumatir ɗin dai na kayar da ita ƙasa warwas, amma da muka zo kan ayaba da albasa sai ga shi ni ne na ji kunya, wallahi na kasa bambance wanne ne na ina. Daga nan na gane duk mu biyun mun kuskure tambayar. Kowane abu da inda ya fi dacewa a saye shi, kuma shi kayan da kansa yake gaya maka in ka san halinsa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe, wanda in ka gane shi rabin rikicin ya ƙare, shi ne 'ya'yan itatuwa kashi biyu ne. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, akwai waɗanda ranar da aka raba su da uwarsu shikenan magana ta ƙare, yanda suke a ranar haka za su zauna har su ruɓe. Wasu masana biyu a Ingila, Franklin Kidd da Cyril West, su suka fara bayyana wannan a shekarun 1920 lokacin da suke bincike kan ajiyar tuffa, suka lura tana kaiwa wani lokaci da numfashinta yake tashi sama farat ɗaya sannan nuna ta kankama. Abun da yake tayar da wannan wata iska ce da ake kira etilin, ɗan itacen da kansa yake fitar da ita. Ayaba, mangwaro, gwanda, gwaiba, fiya, tuffa da tumatir duk suna cikin masu nuna bayan an cire. Lemu, lemun tsami, abarba, kankana, inabi da sitiroberi, ƙaramin jan ɗan itacen nan mai laushi, kuma ba sa yi. Abarba za ta iya yin laushi a kan tebur ɗinka, bayanta ya ƙara yin rawaya, har ta fara ƙamshi, amma zaƙi ba zai ƙaru ba don ba ta da sitacin da za ta mayar sukari, laushin nan hanyar lalacewa ce kawai ta kama.

Toh kaga a wannan rukuni na biyu ne kasuwar manoma take da babbar nasara, kuma dalilin a fili yake. Wanda zai ɗora kaya a mota ko a kwantena su yi kwana da kwanaki a hanya, sannan su zauna a sito, sannan su zauna a kan kanta, dole ya tsinke su da sauran ƙarfinsu don kar su isa a dagargaje. Manomin da gonarsa ba ta da nisa da kasuwa kuwa zai iya bari sai jiya da yamma ya cire. Sitiroberi ita ce misali mafi bayyana, in ka yanka ta kanti sau da yawa za ka ga cikinta fari tas kuma da ƙarfi, wadda ta nuna a jikin uwarta kuwa ja ne har ciki kuma tun daga nesa ƙamshinta zai iske ka, sai dai kwana biyu ta yi maka ka gode Allah. Kankana ma haka. Ka juya ta ka duba inda ta kwanta a ƙasa, in wajen ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu ta daɗe tana nuna, in fari ne fat an yi gaggawar cirewa. Ka ɗaga ka ji nauyinta ya fi girmanta. Ƙwanƙwasawar nan da kowa yake yi ni dai ban taɓa iya ta ba, ina yi ne kawai don kar mai kayan ya raina ni.

Lemu yana da nasa abun mamakin. Mutane da yawa suna ɗauka koren lemu ɗanye ne, alhali launin bawonsa sanyin dare ne yake canza shi. A wuraren da dare ba ya yin sanyi sosai lemu zai nuna tsaf, ya yi zaƙi rau, bawon yana nan kore shar. Masu fitar da shi zuwa manyan kantuna sukan saka shi a ɗaki su sakar masa etilin don koren ya baje ya koma launin da mai saye ya saba gani, amma abun da yake ciki bai canza ba ko kaɗan. Saboda haka a lemu kar launi ya ruɗe ka, nauyi za ka duba da santsin bawo, mai nauyi shi ne mai ruwa. Kuma gaskiya lemu yana jure tafiya da ajiya, don haka in lokacinsa ne na kanti ma ba laifi, tazarar ba ta kai ta sitiroberi ba.

Yanzu mu dawo kan masu nuna bayan an cire, inda ƙanwata ta rama. Ayaba kusan ko'ina ɗanya ake sare ta, har manomin da yake kusa da kai ma haka yake yi, don in aka bar ta ta nuna a jikin itace bawon yakan tsage kuma tsuntsaye su riga ka. Wadda ake kaiwa ƙasashe masu nisa ana ɗaukarta kore a jirgin ruwa cikin sanyin digiri 13 zuwa 14 a ma'aunin Celsius, in ta isa a saka ta ɗakin nuna a ba ta etilin. Babu wani abun tsoro a ciki, iskar da ayabar take fitarwa da kanta ce aka ƙara mata. Abun da kasuwar manoma ta fi kanti a ayaba shi ne iri-iri, don kusan duk ayabar da ake fataucinta tsakanin ƙasashe iri ɗaya ce, Cavendish, a hannun ƙananan manoma kuwa za ka ci karo da gajeru da jajaye da masu ɗan tsami-tsami. Fiya ma ba ta nuna a kan bishiya sam, sai an cire ta take fara laushi, don haka wanda ya ce maka tasa a bishiya ta nuna ka yi masa murmushi kawai. Abun dubawa a fiya shi ne ta ƙosa kafin a cire, in ba ta ƙosa ba za ta yanƙwane ta yi kamar roba ba za ta taɓa yin maiƙon nan ba.

Mangwaro yana tsakiya. Zai nuna a gida, eh, amma wanda aka cire tun bai ƙosa ba zai yi laushi ya yi launi ya bar ka da tsami da rashin ƙamshi. Ka duba kafaɗunsa wajen hancin, in sun cika sun taso ya ƙosa, sannan ka shinshina wajen, hanci ya fi ido gaskiya a mangwaro. A nan ne kuma zan ja kunne, kuma wannan matsalar ta fi yawa a kasuwar buɗaɗɗiya fiye da kanti: nunar dole da kabayid, wannan farin dutsen da masu walda suke amfani da shi. In ya sha danshi yana fitar da iskar asetilin wadda take kwaikwayon etilin, ga shi kuma yakan zo da gurɓatattun abubuwa irin su asenik, shi ya sa ƙasashe da yawa suka haramta amfani da shi a abinci. Alamarsa bawo ya yi rawaya gaba ɗaya amma ciki da ƙarfi ba zaƙi ba ƙamshi, ayaba ta yi rawaya amma hancinta kore shar, wani lokaci har ka ga ɗan farin gari a jiki. An fi yin wannan a farkon yayi lokacin da kowa yake ɗokin sabon abu kuma kayan ba su gama ƙosawa ba. In kana shakka ka sayi ɗanye wanda ya ƙosa ka kai gida ka saka a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana biyu zuwa uku ka sha abunka hankali kwance.

Tumatir kuwa bari in ɗan daɗe a kansa tunda shi ya jawo faɗan. A ƙa'ida yana cikin masu nuna bayan an cire, kuma shi ya sa manyan 'yan kasuwa suke cire shi yana kore ko ya fara canza launi, ya yi ja a hanya ko a sito. Jan zai zo amma ƙamshi da zaƙin da rana take zuba masa a kwanakin ƙarshe a jikin uwarsa ba za su zo ba. Wannan ɗaya kenan. Na biyu iri ne. Shekaru da dama masu samar da iri suna zaɓen tumatir da yake nuna bai ɗaya, ba mai koren kafaɗa ba, don ya fi kyan gani a kwali, sai a 2012 wani bincike da aka buga a mujallar Science ya nuna cewa wannan halin da aka zaɓa ya kashe wata ƙwayar gado da take taimaka wa tumatir tara sukari. Wato an sayar da daɗi an sayi kyau, kyan ɗan maciji kenan. Na uku sanyi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Florida a Amurka sun ajiye tumatir a digiri 5 na tsawon sati guda suka ga sinadaran da suke ba shi ƙamshi sun ragu sosai, kuma ko da aka fito da shi bai gama farfaɗowa ba. Tumatir ɗin kanti yawanci ya haɗa duka ukun. Na manomi a tsakiyar yayi zai iya zuwa da tabo da karkace da koren kafaɗa amma ka yanka ka ji gidan ya ɗauka. Sai dai fa in ka kawo shi gida ka jefa firij ya yi sati ka mayar da shi na kanti da hannunka, ka bar shi a inuwa a waje hancinsa yana kallon ƙasa, sai wanda ya nuna sosai yana shirin fashewa ko wanda aka riga aka yanka shi za ka saka a sanyi.

Amma in ba lokacin tumatir ba ne fa? A nan ni kaina na sauka daga kan dokin naƙi. Tumatir ɗin gwangwani da nunanne ake yinsa, ana cire shi ja a gona a sarrafa shi cikin ɗan lokaci, kuma sinadarin laikofin da yake ba shi jan launi jiki ya fi iya ɗaukarsa in an dafa musamman da ɗan mai. Don haka in girki za ka yi kuma yayi ya wuce, gwangwani mai kyau ya fi wannan ɗanyen mai tsada mai ɗanɗanon ruwa. Ka dai karanta bayan gwangwanin, wasu an cika su da gishiri da sukari da sitaci, tumatir ɗin kaɗan ne.

Ganyayyaki da ɗanyar masara da koren wake da kuɓewa su ne 'yan gaggawa, a nan ba ma sai an yi musu ba, mafi kusa da gona shi ya ci. Ganye yana numfashi da sauri bayan an yanke shi, ruwansa yana fita, bitamin C ɗinsa yana raguwa kullum musamman a zafi, alayyahu da latas da aka yanka da asuba da wanda ya yi kwana huɗu a leda ba sai an gaya maka ba. Ɗanyar masara kuma tun daga lokacin da aka karye ta sukarinta yake komawa sitaci, tsofaffin iri a wuri mai zafi suna iya rasa kusan rabin zaƙinsu a kwana ɗaya, sababbin iri masu zaƙi sosai sun fi riƙewa amma su ma ba sa son jira. Ka duba inda aka karya ta, in wajen da danshi kuma gashin bai bushe ƙayau ba sabuwa ce. Kuɓewa ka lanƙwasa bakinta, in ya karye ƙas matashiya ce, in ya lanƙwashe kawai ta tsufa ta zama igiya. Sharaɗin dai shi ne ka je da wuri. Ganyen da ya wuni a rana a kan tebur tun safe har la'asar ana yayyafa masa ruwa, na kanti da yake cikin sanyi tun daga gona zai iya fin sa, kuma wannan gaskiya ce da masu son kasuwar manoma irina ba ma son faɗa.

Sai masu haƙuri, albasa, tafarnuwa, dankali, kabewa, kabeji, karas. Waɗannan dama an halicce su don ajiya, albasa da dankali ma sai an shanya su bayan girbi fatarsu ta yi ƙwari kafin su iya zama watanni, sabuwar albasa da ba ta bushe ba ita ce ma ta fi saurin ruɓewa. Dankali mai zaƙi da kabewa har ƙara daɗi suke yi in sun ɗan kwana biyu. A waɗannan ka saya inda ya fi maka sauƙi da araha, kar ka ɓata ƙafarka. Abun lura kaɗan ne, dankalin turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa ka bar shi don koren alama ce ta haske ya taɓa shi kuma sinadarin solanin ya ƙaru, albasa ka danna wuyanta ka ji ba laushi. Karas in da ganyensa ka saya, wanda a kasuwar manoma aka fi samu, ganyen shaida ce mai kyau ta sabunta amma kana isa gida ka yanke shi don yana zuƙe ruwan karas ɗin. Kuma kar ka haɗa karas da tuffa a aljihun firij ɗaya, etilin ɗin tuffa yana sa shi ɗaci.

Tuffa ma tana nan. Wadda kake gani a kanti duk shekara mai yiwuwa ta yi watanni a wani ɗaki da aka rage masa iskar oksijin daga kashi 21 cikin 100 da muke shaƙa zuwa ƙasa da kashi 3, ga sanyi kusa da daskarewa, sai tuffar ta shiga kamar barci. Jin haka yana ɗaga wa wasu hankali amma ba cutarwa a ciki, ƙamshi ne dai yake raguwa. In kana inda ake nomanta ka ci sabuwa a kakarta ka more, in ba ka nan kuwa ta kanti ita ce tuffarka, babu wani manomin kusa da zai kawo maka ita.

Wannan ya kawo mu kan shi kansa yayin. Ba wani kalanda guda da ya dace da kowa, shi ya sa jadawalin da ake yawo da shi a intanet na cewa wata kaza ka ci kaza yake yawan ɓatar da mutane, an rubuta shi ne don wata ƙasa dabam. Lokacin da arewacin duniya yake cikin sanyi kudanci yana cikin zafi, inabin da ake ci a Turai da Amurka a Janairu da Fabrairu da yawansa daga Chile da Peru da Afirka ta Kudu yake zuwa. A wurare masu zafi kuma ruwan sama da rani da ban-ruwa su suke yanke hukunci. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka zagaya kasuwa sau ɗaya kafin ka ciro kuɗi, abun da ka gani a tebur bakwai cikin goma an tula shi kuma farashinsa ya sauko, shi ne yake yayi a inda kake. Kuma yayin ma hawa uku ne. Farkonsa tsada da ɗanyen kaya da nunar dole, tsakiyarsa araha da daɗi, ƙarshensa kuma kayan sun nuna sosai ga arha amma ba sa kwana, wannan na mai niyyar sarrafawa ne a ranar. Ni dai na koyi danne kwaɗayina sati biyu zuwa uku in sabon abu ya fito. Wasu kayan kuma sanyi ne yake gyara su, karas da kabeji suna mayar da sitacinsu sukari in sun sha sanyi a gona, shi ya sa na lokacin sanyi ya fi na lokacin zafi zaƙi.

Kayan firiza ma kar a raina su. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya ga yanda mutanen Inuit, 'yan asalin yankin Labrador da yake ƙasar Kanada a yau, suke barin kifi ya daskare nan take a iska mai tsananin sanyi kuma in an narkar ya dawo kamar sabo, daga nan ya ƙirƙiro hanyar daskarewa cikin sauri, kayansa suka shiga kantuna a 1930. Sirrin shi ne daskarewa da sauri tana yin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ba sa yayyaga naman abun. Koren wake da masara da alayyahu na firiza ana daskarar da su awanni kaɗan bayan girbi, don haka ta fannin gina jiki sukan yi kunnen doki da ɗanye, wani lokaci ma su fi ɗanyen da ya yi sati a firij ɗinka. Matsalarsu ɗaya, sai inda sanyin bai yanke ba. In ka taɓa ledar ka ji kayan sun dunƙule sun zama dutse guda maimakon su warwatsu, sun narke an sake daskarar da su, ka ajiye.

Toh yanzu laifukan kasuwar manoma, don kar a ce na yi son kai. Babba shi ne ba kowa da yake tsaye bayan tebur ba ne manomi. Wani ɗan sari ne ya je inda kantin ma yake saye ya sayo, ya juye a kwando ya ɗan barbaɗa ƙasa, ya sayar maka da tsadar sabon girbi. Na taɓa sayen tattasai a wajen wani da ya rantse mini daga gonarsa yake, ina wankewa a gida na ga sauran gam ɗin sitika a jiki, ranar na yi dariyar kaina har da hawaye. Sitikar nan mai lamba huɗu, kamar 4011 da ake manna wa ayaba, ta manyan dillalai ce don na'urar kanti ta gane kaya, in lamba biyar ce ta fara da 9 ana nufin an noma ba da takin zamani da magungunan da aka saba ba. Ƙaramin manomi ba ya manna ta. Sauran alamomin, kaya duk girma ɗaya suna ƙyalli, abun da ba ya fitowa a yankin ko ba lokacinsa ba, tebur ɗaya da komai da komai har da abun da sai an tsallako teku. Ka tambaye shi cikin ladabi, malam yaushe aka cire, wane iri ne, sati mai zuwa me zai fito? Manomi na gaske sai ka gaji da jin amsa, har labarin tsutsar da ta dame shi bana zai ba ka, ɗan sari kuwa zai ce maka mai kyau ne kawai.

Na biyu, kusa ba ya nufin ba a yi feshi ba. Ƙaramin manomi ma yana fesa maganin ƙwari, wani ma ba ya jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi, manyan kantuna kuwa a ƙasashe da yawa ana gwada kayansu kuma ana iya bin sawun inda suka fito. Sai kuma ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ko aka wanke ganyen, wanda ba ka gani ba. Ko daga ina ka saya ka wanke da ruwa mai gudu kana murzawa, ba sai da sabulu ba, ganye ka ware shi ɗaya-ɗaya, kankana ma ka wanke bayanta kafin wuƙa ta ja dattin zuwa ciki. Yankakken abu da aka bari a buɗe a rana kuwa ko kyauta ne ka ce ka gode.

Na uku shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane ba su sani ba, wato haɗama. Ka ga kaya sun yi araha ka cika jaka biyu, ranar Laraba rabi ya zama ruwa a ƙasan kwando. Rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2011 ya ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya yana salwanta, kuma kayan marmari da na lambu suna cikin waɗanda suka fi asara. Nunannen kayan manomi ya fi na kanti saurin lalacewa, ai dama abun da ya sa ya fi daɗi kenan. Saboda haka in kai kaɗai ne ko ku biyu kuma sau ɗaya kake fita sayayya a sati, kar ka sayi komai nunanne, ka haɗa na yau da na jibi da na gata, ganye a fara cinyewa, kabeji da karas su jira ƙarshen sati. In gidan da yawa ne kuma akwai mai lokacin yankawa da shanyawa ko markaɗawa a saka firiza, tsakiyar yayi a kasuwar manoma ita ce garaɓasarku.

Masu maganar kare muhalli kuma a gajarce, nisan tafiya ba shi ne babban abu ba kamar yanda ake zato. Wani bincike na Jami'ar Carnegie Mellon a 2008 ya gano sufuri kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai na hayaƙin da abincin gidajen Amurka yake jawowa, noman kansa shi ne kashi 83. Tumatir da aka noma a ɗakin gilashi da ake ɗumamawa da gas a lokacin sanyi zai iya fin wanda ya zo a mota daga ƙasa mai rana illa. Abun da ya zo a jirgin sama shi ne dai mai nauyin gaske. Kenan cin abu a lokacinsa ya fi cin na kusa tasiri, in suka haɗu kuwa madalla.

Hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da na lambu a rana, kuma ba ta ce sai daga wace kasuwa ba, don haka in aikinka bai bar ka ka je kasuwar safe ba kar wani ya sa ka ji kamar ka yi laifi. Ni da ƙanwata yanda muka raba shi ne, ranar kasuwa ni nake sammako in ɗauko tumatir da ganye da ɗanyar masara da kankana da duk ɗan itacen da aka tula a makon, ita kuma in za ta dawo daga aiki ta biya kanti ta ɗauko albasa, dankali, ayaba, tuffa, da gwangwani biyu na ajiya saboda ranar da tumatir zai yi wuya. Fiya ce har yanzu ba mu daidaita ba, ita tana son wadda za a ci yau, ni ina son mai ƙarfi in jira ta kwana uku a jakar takarda, sai muka koma kowa yana sayen tasa.